Yadda Thunder Ta Dafa Dutse Ta Sha Romo

A watan Disambar 2021, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Oklahoma City Thunder ta sha kayen da ba a taɓa ganin irinsa ba a tarihin gasar NBA ta Amurka. Memphis ta lallasa ta da maki 152 da 79, tazarar 73 cif. Aka yi ta yi musu dariya, amma manajan ƙungiyar, Sam Presti, ya san abin da ya shuka.

Tun a 2019 ya miƙa wa Clippers tauraronsa Paul George, ya karɓo wani matashi ɗan Kanada, Shai Gilgeous-Alexander, haɗe da damar zaɓen sababbin 'yan wasa a shekarun gaba. Presti ya taɓa ganin samu ya ga rashi: Durant da Westbrook da Harden sun kai ƙungiyar zagayen ƙarshe a 2012, Miami ta kayar da su, daga baya kowa ya kama gabansa. A wannan karon bai yi garaje ba.

A 2022 ya zaɓo Chet Holmgren da Jalen Williams, wanda aka samu albarkacin cinikin Clippers ɗin nan. Cikin wasanni 82 na kowace kaka, nasara ta riƙa hawa: 24, 40, 57, har 68. A Yunin 2025 suka doke Indiana a wasa na bakwai, suka ɗaga kofinsu na farko tun da ƙungiyar ta baro Seattle a 2008. Shai, yaron da aka karɓo a madadin tauraro, shi ne gwarzon gasar.