Daga Takarda Mai Wata Uku Zuwa Memori: Farashin Ajiya a Sakkwato

Tsadar wurin ajiye rubutu ba baƙuwa ba ce a Sakkwato. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar mana ɗaruruwan littattafai, amma takardar da aka yi ta kwafe su a kai ba a ƙasar Hausa ake yin ta ba. Yawancinta daga Italiya take zuwa, ta sauka Tarabulus, raƙuma su ratso Sahara da ita har Kano. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ambaci takarda mai tambarin wata uku cikin kayan da fatake ke shigowa da su.

Saboda tsadarta, kakanninmu suka raba aiki gida biyu. Karatun yau da gobe a allo, a rubuta a wanke. Abin da ake so jikoki su gada shi ake sa wa takarda, a adana cikin gafaka. Irin waɗannan takardu ne Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya shafe rayuwarsa yana tattarawa. Tsadar wancan zamani tana da dalilin da kowa ke gani: nisa, kuɗin fito da haɗarin hanya.

Ajiyar na'ura ma da tsada ta soma. A 1956 kamfanin IBM ya fitar da faifan kwamfuta mai nauyin kusan tan guda, wanda bai ɗaukar fiye da megabait 5, wato hoto ɗaya ko biyu na wayar yau. Daga nan farashi ya yi ta faɗuwa. Wayar GSM ta iso Najeriya a 2001, ƙaramin memori na microSD ya fito a 2005, ba da jimawa ba muka koma zuwa wajen masu turi ana loda mana wa'azi da karatu da waƙoƙin Narambaɗa a ɗan abin da bai kai farce ba.

To, tun da ajiya ta yi araha, me ya sa ƙara ta ke cin kuɗi haka? Mu duba lissafi. A 2024 Apple ya sayar da kwamfutar Mac mini mai gigabait 256 a dala 599, mai 512 kuma a dala 799. Ƙarin dala 200 ke nan, alhali a shekarar ana samun faifan SSD mai ninkin wannan ƙari sau huɗu a ƙasa da dala 100. Da dala ta haura naira 1,500, ƙarin ya kai naira 300,000, fiye da albashin wata huɗu na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Bambancin ba daga kuɗin ƙerawa kaɗai ya fito ba. Wayar iPhone ba ta taɓa samun ramin memori ba, Samsung ma ya cire shi daga Galaxy S21 a 2021, shekarar da Google ya daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka. Kamfanonin na cewa ajiyar ciki ta fi sauri da aminci, kuma da gaskiya a ciki, don mun sha sayen jabun memori ya cinye mana hotunan biki. Amma idan an toshe ramin, mai waya ba shi da damar taya kaya a wani shago. Malamin da ya ga takarda ta yi tsada a wajen wani farke yana iya jiran ayari na gaba. Mu kuwa an yanke mana farashi tun ranar saye.

Shi ya sa Tecno da Infinix da Itel, waɗanda yawancinsu ke da ramin, suka dace da aljihunmu. Kafin mu sayi waya, mu tambayi ko tana karɓar memori kafin mu tambayi kyamara. Mu kuma koyi rabon da kakanninmu suka yi: bidiyon da ake ta turowa a WhatsApp aikin allo ne, a kalla a wanke. Muryar tsohuwa tana ba da tarihin gida kuwa, da hoton takardar gona, a kwafe su wuri biyu tun wayar ba ta ce ta cika ba.