Giwa da Raƙumi: Ma'anar Hoto ga Wanda Bai Iya Karatu ba

A shekarar 1964 Roland Barthes ya ɗauki hoton tallar taliyar Panzani ya feɗe shi, yana bin tafarkin ilimin alamomi da Saussure ya share a darussansa da aka buga a 1916. Ya nuna cewa saƙon hoto hawa biyu ne. Akwai abin da ido ke gani: tumatir, albasa, ƙunshin taliya cikin ragar cefane. Akwai kuma abin da al'ada ta koya wa mai kallo, wato ƙamshin ƙasar Italiya. Da yake hoto kan ɗauki ma'anoni da yawa, rubutun da ke jikinsa shi ke ɗaure shi a turke guda.

To, idan mai kallo bai iya karanta rubutun ba, mene ne turken?

Tarihin siyasar Nijar ya riga Barthes kawo amsa. A ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumba 1958, jam'iyyar RDA ta Diori Hamani ta ce "i", Sawaba ta Djibo Bakary ta ce "a'a". Alamar ta farko giwa, ta biyu raƙumi, kuma mafi yawan masu jefa ƙuri'a dabbobin nan suka sani, ba haruffa ba. Giwa ta zo da gatanta, don tun dā da ita maroƙa ke yi wa sarakuna kirari. Raƙumi kuwa sai da bakin ƴan jam'iyya da mawaƙa ya ɗora masa ma'anar haƙuri da doguwar tafiya. Da aka haramta Sawaba a 1959, zanen bai sake ko kaɗan ba, amma ajiye shi a ɗaki ya zama haɗari. Turken a nan magana ce ta baki, da kuma hukuma.

Mu ɗauki Ɗan Gulbi, a ƙasar Dakoro, yankin da manomi da makiyayi ke goga kafaɗa, kudu da iyakar noma da dokar 1961 ta shata. A can raƙumi dabba ce mai ubangida, wadda kan kai gero kasuwa, kan kuma faɗa gona kafin girbi. Wanda aka yi wa ɓarna bara ba haƙuri zai fara gani a hoton ba.

Wannan ya shafi aikinmu kai tsaye. Jaridun yaƙi da jahilci irin su Ganga da Sabon Ra'ayi sun dogara da zane don jawo sabon mai karatu. Amma taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 kan haruffa da ƙa'idar rubutu suka tsaya, kamar dai hoto yana karanta kansa. A ganina kuskure ne. Sauron da aka zana ya cika shafi, da kibiyar da ke nuna "bayan haka", da mutumin da gefen takarda ya yanke wa ƙafafu, duk ƙa'idoji ne da ɗan makarantar boko ya koya har ya manta cewa koyonsu ya yi.

Saboda haka kafin a buga zane, a kai shi aji irin na Ɗan Gulbi, a rufe rubutun, a tambayi kowa shi kaɗai, maza daban mata daban. Sa'an nan a tara su, a lura da wanda ya fara magana, a ƙidaya mutum nawa suka sake amsarsu bayansa.