Daga Ƙauracewar 1912 zuwa Cunkoson Yau: Tarihin Fasinja a Birnin Tunis

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa da sassafe a dandalin Barsalona, a tsakiyar birnin Tunis, ya ga abin da ya zame wa mutanen garin jiki. Ga koren jirgi tafe bisa dogo a tsakiyar titi, taragunsa maƙare da ma'aikata da ɗalibai, har wasu samari sun maƙale a bakin ƙofa sun hana ta rufuwa. Ga kuma taron jama'a a gefe, maza da mata, suna dakon motar bas mai ruwan ɗorawa wadda ba mai iya cewa ga sa'ar da za ta iso. Mutanen birnin suna kiran jirgin nan "metro", ko da yake kusan duk tafiyarsa a sarari yake yin ta, kafaɗa da kafaɗa da motoci. Kamfani guda na gwamnati, mai suna Transtu, shi ke riƙe da jirgin da motocin bas baki ɗaya.

Koke-koken masu shiga sanannu ne: jinkiri, cunkoso, ƙarancin abin hawa, ƴan sane, da cin zarafin mata. Mai karatu na iya cewa ai wannan zancen jaridar yau ne, me ya kawo shi fagen tarihi? Amsa ita ce, kukan fasinja a wanga birni ya girmi ƴancin ƙasar Tunisiya da shekara 44, kuma ya taɓa girgiza mulkin mallaka. Waiwaye adon tafiya. Bari mu bi sawun abin tun daga tushe.

Dogon da ya haɗa Turawa faɗa

A shekara ta 1872, zamanin sarki Muhammadu Sadiƙ Bey, aka buɗe layin dogo na farko a ƙasar. Wani kamfanin Ingila ne ya shimfiɗa shi, daga Tunis zuwa tashar jiragen ruwa ta Halƙul Wadi, wadda Faransawa ke kira La Goulette, da kuma garin Marsa, inda sarakuna da manyan gari ke zuwa shan iska lokacin zafi. Gajeren layi ne, amma da masu shi suka sa shi a kasuwa a 1880, sai Faransa da Italiya suka shiga takara a kansa, domin kowace na da ido bisa ƙasar. Kamfanin Rubattino na Italiya ya taya shi fiye da ƙimarsa, ya saye. Wannan na cikin abubuwan da suka sa Faransa gaggawa: cikin watan Mayu na 1881 sojojinta suka tilasta wa Bey sa hannu a yarjejeniyar Bardo, ƙasar ta faɗa hannunta. Daga baya layin ya koma hannun Faransawa, aka sa masa lantarki, aka ratsa da shi ta tsakiyar tafkin Tunis. Shi ne ake kira TGM, mai tsawon kilomita 19, wanda ke bi ta kufan Kartaj da garin Sidi Bu Sa'id, kuma har yau yana cikin abin da Transtu ke kula da shi.

A cikin gari kuwa, tun ƙarshen ƙarni na 19 aka soma jan taragu da dawaki bisa dogo, kana a farkon ƙarni na 20 lantarki ya maye gurbin dawakin. Wannan jirgin titi, wanda Nasara ke kira tiram, ya riƙa zagaya tsohon birni yana tsayawa a ƙofofinsa, irin su Bab Suwaiƙa da Bab Sa'adun, yana haɗa su da sabuwar unguwar Turawa. Kamfanin na Faransawa ne. Da yawa daga cikin direbobi da masu karɓar kuɗi Italiyawa ne, don a wancan zamani sun fi Faransawa yawa a ƙasar. Ɗan ƙasa da ya samu aiki a kamfanin, albashinsa bai kai na Bature ba ko da aikinsu ɗaya ne. Sunayen tashoshi da sanarwa kuma da Faransanci ake rubuta su, a birnin da galibin masu biyan kuɗin shiga Larabci suke ji.

Ranar da aka ƙi shiga jirgi

Shekara ta 1911 ta ƙare cikin zaman ɗar-ɗar. A watan Oktoba sojojin Italiya suka sauka Tarabulus, labarin ya ƙona zukatan Musulmi tun daga bakin teku har cikin Sahara. Ƴan Sanusiyya da suka tashi yaƙar Italiya a can, su ne suka mara wa Kawsen baya sa'ad da ya kewaye Agadas a ƙarshen 1916. A Tunis kuwa, cikin watan Nuwamba na 1911, rikici ya ɓarke a maƙabartar Jallaz, da jama'a suka ji hukumar gari na shirin yi wa filin rajista da sunanta. An rasa rayuka daga kowane ɓangare, aka kafa dokar ta-ɓaci.

Ana cikin haka, a farkon Fabrairu na 1912, wani direba Ba'italiye ya take wani yaro ɗan ƙasa da jirginsa, tsakanin Bab Suwaiƙa da Bab Sa'adun, yaron ya rasu. Bayan abin da ya auku a Jallaz, kowa zai zaci wata tarzomar ce za ta biyo baya. Sai mutanen gari suka ɗauki wata hanya dabam: suka daina shiga jirgin. Mai kanti da ɗan dako, malami da almajirinsa, kowa ya koma tafiya da ƙafa. Taragu suka riƙa kai-da-kawo ba ƴan ƙasa a ciki, kuɗin shiga na kamfani ya faɗi.

Ƴan bokon ƙungiyar Samarin Tunisiya, ƙarƙashin lauya Ali Bash Hamba, wanda ya kafa jaridar Le Tunisien a 1907, su suka zama bakin jama'a. Abin da suka nema a fili yake: a rage gudun jirgi a unguwannin da jama'a ke da yawa, a rubuta sunayen tashoshi da Larabci, ma'aikata su riƙa girmama fasinja ɗan ƙasa, a sallami Italiyawa daga aiki, a daidaita albashin ɗan ƙasa da na Bature. Kamfani ya nuna zai sassauta a kan wasu, amma batun albashi ya kafe. Dalilin kafewar ba ya da wuyar ganewa: in aka yarda aiki ɗaya albashi ɗaya a cikin tarago, gobe za a nemi haka a ofis da makaranta, alhali bisa wannan bambanci mulkin mallaka yake tsaye.

Ƙauracewar ta haura wata guda. Babban wakilin Faransa a ƙasar, Gabriel Alapetite, ya ba da wa'adi a janye ta, wa'adin ya wuce jama'a ba su koma ba. Ranar 13 ga Maris 1912 aka kama mutum 7 daga cikin jagororin. Aka kori Bash Hamba da Shaihu Abdul'aziz Sa'alabi da wasu daga ƙasar, aka tura wasu can kudu bakin hamada, aka rufe jaridar. Bash Hamba ya rasu a Santambul a 1918, bai sake ganin gida ba. Sa'alabi kuwa shi ya jagoranci kafa jam'iyyar Dastur a 1920, wadda daga cikinta reshen Habib Burgiba ya ɓalle a 1934, ya kai ƙasar ga ƴanci ranar 20 ga Maris 1956.

Mun saba koya wa yara tarihin turjiya ta hanyar takobi da bindiga. Ga wani babi da ya cancanci shiga darasi: mutanen da ba su ɗauki makami ba, ƙafafunsu da kuɗin tikitinsu kaɗai suka yi yaƙi da su, har hukuma ta ga ba ta da amsa sai kame da kora.

An cire dogo, an sake shimfiɗa shi

Bayan ƴanci gwamnati ta karɓe harkar sufuri daga hannun Turawa. A 1960 aka dakatar da tsohon jirgin titi, kamar yadda birane da dama na duniya suka yi a wancan zamani, lokacin da mai ke da araha kuma ake ganin motar bas ita ce ci gaba. A 1963 aka kafa kamfanin sufuri na ƙasa, SNT, ya ɗauki nauyin motocin bas. Amma birni bai tsaya inda yake ba. Mutanen karkara suka yi ta kwarara neman aiki, sababbin unguwanni irin su Tadamun da Ibn Khaldun suka tsiro a bayan gari, tituna suka cushe, motar bas ta koma tana rarrafe cikin jerin motoci.

Ba a cika shekara 25 ba sai ga hukuma tana sake shimfiɗa dogo a titunan birnin. An soma aikin a 1980, tare da kamfanin Siemens na Jamus, kuma ranar 13 ga Oktoba 1985 aka buɗe layin farko zuwa Bin Arus a kudancin birni. Layin Aryana ya biyo baya a 1989, wasu biyu a 1990, na biyar a 1992. Shi ne jirgin titi na zamani na farko a nahiyar Afirka. Sai a 2011 Aljiyas da Rabat suka buɗe nasu, Kasabalanka a 2012, Adis Ababa a 2015. A 2003 aka haɗe kamfanin jirgin da na motocin bas suka zama Transtu. Daga 2007 sababbin taragu samfurin Citadis na kamfanin Alstom suka fara isowa, a 2008 aka buɗe layi na shida zuwa unguwar Muruj. Layukan shida sun kai kimanin kilomita 45, a birnin da ƙidayar 2014 ta nuna shi da kewayensa sun haura mutum miliyan 2 da rabi.

Yadda abin alfahari ya zama abin kuka

Sayen doki ba shi ne wuya ba, ciyar da shi kullum shi ne aiki. Gwamnati ke yanke kuɗin shiga, kuma ta daɗe tana riƙe shi ƙasa don kada ta taɓa aljihun talaka, musamman ɗalibai da ke da katin rangwame. Niyya ce mai kyau, amma tallafin da ake ba kamfanin bai cike giɓin ba, bashi ya yi ta taruwa. Kayan gyara daga waje ake sayo su da kuɗin waje, ga shi darajar dinari ta yi ta raguwa bayan juyin juya halin 2011. Taragun Jamus da aka kawo tun farkon aikin suka tsufa. In ɗaya ya lalace babu kayan gyara, sai a kwance shi a gyara wani da sassansa. Haka motocin bas suka yi ta cika garejoji. Annobar korona ta 2020 ta ƙara rage kuɗin shiga.

Daga nan abu ɗaya ke jawo ɗan'uwansa. In motoci sun yi kaɗan, jira ya tsawaita. In jira ya tsawaita, kowace ta iso sai ta ɗauki fiye da ƙarfinta, ta yi saurin lalacewa. Cikin matsatsi ɗan sane da mai taɓa mata ke samun dama, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dokar da majalisa ta zartar a 2017 kan cin zarafin mata ta tanadi hukunci ga mai takura wa mace a bainar jama'a, amma doka ba ta faɗaɗa tarago. Mai ɗan hali ya gudu zuwa taksin haɗaka ko motar kansa, abin da ke ƙara cushe titin da bas za ta bi. Su ma ma'aikatan kamfanin da nasu kukan: ranar 2 ga Janairu 2023 suka shiga yajin aiki saboda jinkirin biyan haƙƙoƙinsu, birnin ya wayi gari ba jirgi ba bas.

Hukuma ta ɗauki wasu matakai. A 2023 aka shigo da motocin bas na hannu daga Faransa don toshe ɓaraka. A watan Maris na shekarar aka buɗe layin farko na wani sabon jirgin ƙasa mai sauri, RFR, da ke zuwa unguwannin yammacin birni, bayan shekaru masu yawa na jinkiri. Layi na biyu ya biyo baya a farkon 2025. A 2025 ɗin kuma aka sayo sababbin motocin bas 300 daga ƙasar Sin. Ko waɗannan za su ɗore, ya danganta ga abin da aka tanada don gyaransu in sun fara tsufa, don a nan ne na baya suka faɗi.

Kammalawa

In aka ajiye buƙatun 1912 kusa da koken yau, za a ga dangi ne. Mutanen da suka ƙi shiga jirgi saboda yaron Bab Sa'adun sun nemi a tsare musu rai, a yi musu magana da harshensu, a ga mutuncinsu. Jikokinsu na neman ƙofar da za ta rufu kafin jirgi ya tashi, da sanarwa in an samu jinkiri, da wurin tsayawa da mace za ta isa aikinta ba a wulaƙanta ta ba. Larabci ya hau allunan tashoshi, direba ya zama ɗan ƙasa, kamfani ya zama na gwamnatin ƙasa. Sauran buƙatun ba a biya su sau ɗaya a huta. Kowace safiya ake sake biyansu.

Akwai bambanci guda mai nauyi tsakanin zamunan biyu. Tunis ta 1912 ƙaramin birni ce, mutum na iya ratsa ta da ƙafa ya isa kasuwa kafin hantsi, shi ya sa ƙauracewa ta yiwu. Malamar makaranta da ke zaune Muruj tana koyarwa a Aryana ba ta da wannan makami: in ta ƙi shiga, ajinta ne zai zauna ba malami. Abin da ya rage mata shi ne murya, a jarida, a ƙungiya, a gaban waɗanda ta zaɓa. Hukumar 1912 baƙuwa ce, ta amsa wa fasinja da kame da kora. Hukumar yau ta gida ce, kuma amsarta ana karanta ta ne a tasha, a tsawon lokacin da talaka ya tsaya kafin motarsa ta iso.