Gudan Jini Mai Yawo a Jijiya da Haɗarinsa ga Mai Jego

A shekarar 1846, a asibitin Charité da ke Balin, likitan Jamus Rudolf Virchow ya riƙa cusa ƙananan abubuwa a jijiyar wuyan karnuka, daga baya ya tarar da su sun maƙale a huhu. Da haka ya tabbatar da cewa gudan jinin da ake gani a huhun gawa sau da yawa baƙo ne, daga wani sashen jiki jini ya ɗauko shi. Likitoci na kiran wannan toshiya embolizim, wato duk abin da ya bi jini har ya isa jijiyar da ta yi masa ƙunci ya tsaya, ko daskararren jini ne, ko kitse, ko kumfar iska, ko ruwan mahaifa.

Inda abin ya taso shi ke nuna inda zai yada zango. Gudan da ya daskare a jijiyar sharaɓa ko cinya yakan ratsa ɓangaren dama na zuciya ya toshe huhu, sai a ga haki na farat ɗaya da ciwon ƙirji, wani lokaci tarin jini. Wanda ya fito daga ɓangaren hagu kuwa, ƙwaƙwalwa yakan nufa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Masu sikila da waɗanda suka karye a cinya, kitsen ɓargo ke shiga musu jini.

Abubuwa uku ke sa jini daskarewa: tafiyarsa ta yi nauyi, bangon jijiya ya ji rauni, ko shi kansa ya ƙara saurin kamewa. Mai jego kan haɗa dukkan ukun, musamman bayan tiyata, kuma haɗarin ya fi tsanani a makonni 6 na farko, daidai da kwanakin arba'in da ake so ta zauna a ɗaka. Ko 'yar wasan tanis Serena Williams, da duk gatanta, sai da gudan jini ya toshe mata huhu bayan haihuwa a 2017.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin dalili. A 1978 wasu masu bincike, Davidson da Parry, suka wallafa bincikensu kan matan Zariya masu ciwon zuciya na bayan haihuwa, inda suka zargi kunun kanwa da wankan jego. Binciken da ya biyo baya a Kano, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Ƙaraye, ya sa shakku a kan wannan zargi, amma yawan cutar a Arewa ba a musunsa. Zuciyar da wannan ciwo ya sa ta buɗe ta raunana ba ta kwashe jini sarai, sai ya kwanta ya daskare a cikinta.

Saboda haka ƙafa ɗaya da ta kumbura ga mai jego ba ta tausa ba ce, ta hoton asibiti ce. A cikin magungunan hana jini daskarewa, allurar heparin ba ta ƙetare mabiyiya, shi ya sa ita ake yi wa mai ciki; warfarin kuwa yana cutar da ɗan tayi, amma mai shayarwa tana iya shan sa.