Kuɗin cizo: daga kogon jemage zuwa gadon kara

Duk wanda ya kwana a ɗakin ƙasa a Achida ko Wurno lokacin bazara ya san kuɗin cizo. Da rana yana ɓoye a tsagar bango da gindin gadon kara, da dare ya fito neman jini. Gidan da ya shiga sai a ɓoye zancen, don gudun a kira mutanensa ƙazamai. Tarihin ƙwaron kuwa ya wanke su daga wannan zargi.

Ya riga mutum zuwa duniya nesa ba kusa ba. Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna danginsa sun bayyana kimanin shekara miliyan 115 da suka wuce, tun babu jemage. Daga baya wasunsu suka tare a kogunan jemagu, kuma masana da dama na ganin a nan mutanen farko masu fakewa a kogo suka kwaso shi. A kufan Amarna ta ƙasar Masar an tono gawarwakinsa masu shekara kusan 3,500.

A 2012 Ondřej Balvín da abokan aikinsa a ƙasar Cek suka gwada kuɗin cizon da ke cikin rufin gine-ginen da jemagu ke kwana da wanda ke gadajen mutane a Turai. Sunansu ɗaya, Cimex lectularius, amma ƙwayoyin gadonsu sun nuna zuriya biyu ce da ta rabu wajen shekara 245,000 baya. Na jemage ya fi gashi da kaurin ƙafa, na mutum ƙafarsa siririya ce. A 2015 Warren Booth da tawagarsa suka ƙara gano cewa jinin zuriyoyin biyu bai cika gauraya ba, kuma alamar jure maganin feshi a jikin na mutum take. A ɗakin gwaji wasu sun haɗa su ba a samu 'ya'ya ba, wasu kuma sun samu. Ke nan rabuwa ce da ake kan yi, ba a gama ba.

A ƙasashe masu zafi irin tamu akwai wani ɗan'uwansa, Cimex hemipterus, wanda rabuwarsu ta riga ta kammala. K. Newberry ya bi su a ƙauyukan KwaZulu na Afirka ta Kudu a shekarun 1980, inda jinsunan biyu ke ɗaki ɗaya. Namijin na ƙasar zafi yakan bi macen ɗayan, amma ƙwanta ba ya ƙyanƙyashewa, ita kuma kwananta ya ragu. A Afirka ta Yamma kuma akwai Leptocimex boueti, ƙwaron jemage da ke cizon mutum idan ya samu dama. Soron da jemagu suka mamaye yakan iya zama ƙofar irin wannan baƙo.

Guba ma ta shiga tarihinsa. Tun 1947 aka ga kuɗin cizon da DDT ba ya kashewa a Hawai. Mu ma mun ga irin haka kusa da gida, sai dai a jikin sauro: a 1954 aka fara feshin gidaje a yammacin lardin Sakkwato don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, kuma a 1955 aka samu sauron da ya daina jin maganin dieldrin. Feshi yana kashe masu rauni, ya bar masu taurin rai su hayayyafa.

Saboda haka mai ƙara zuba ota-piya-piya a ɗaki ya rufe ƙofa da yara a ciki, lafiyar yaransa ya fi taɓawa. Ƙwaron bai damu da tsabta ko dauɗa ba, jini da maɓoya kawai yake nema. Abin da har yau bai iya jurewa ba shi ne zafi. Tafasasshen ruwan da kakanninmu ke kwarara wa gadon kara, da yaɓe tsagar bango, suna nan suna aiki.