Tarihin Burodi da Teburin Mai Shayi a Dogon Dutsi

Gidan burodi da teburin mai shayi suna cikin sana'o'in da ake tashi da su kowace safiya a Dogon Dutsi, babban garin ƙasar Arewa a jihar Dosso. Garin yana kan babbar hanyar mota mai lamba ɗaya, tsakanin Dosso da Birnin Ƙonni, kimanin kilomita 270 gabas da Yamai, kuma bai da nisa da iyakar Nijeriya. Abin lura shi ne, kusan babu ko ɗaya daga cikin kayan waɗannan sana'o'i biyu da ke fitowa daga gonakin Arewa. Fulawa da ganyen shayi da gahawa da madarar gwangwani duk baƙi ne, kowanne da hanyar da ya biyo da lokacin da ya iso, kafin su haɗu a kan tebur ɗaya.

Kafin zuwansu, gero ne ke riƙe da safiyar mutanen Arewa. Ana karya kumallo da ɗumamen tuwo, ko kunu, ko fura, mai 'yan kuɗi kuma ya aika a sayo masa ƙosai ko waina wurin matan unguwa. Abin wartsake jiki da karɓar baƙo shi ne goro, wanda fatake ke ɗaukowa daga Gwanja da ƙasar Asante. Alkama ba sabuwa ba ce ga Hausawa, domin an daɗe ana nomanta da rani a Kano da Katsina da lambunan Abzin da bakin Tafkin Chadi, ana yin alkaki da taliya da finkaso da ita. A Kano akwai gurasa, wadda ake danganta asalinta da Larabawan da suka zauna birnin. Sai dai duk wannan cimar fada ce da gidajen attajirai da ranakun buki. Talaka manomi yakan yi shekara bai ɗanɗana alkama ba.

Koren shayi ta arewa ya shigo. Kalmar kanta daga Larabci aka aro ta, ganyen kuma na ƙasar Sin ne. Jiragen ruwan Turawa suka kai shi Maroko, inda a ƙarni na 18 ya kasance abin shan sarakuna da manyan 'yan kasuwa. Daga tsakiyar ƙarni na 19 ya yi araha, ya bazu cikin jama'a, ayarin raƙuma suka tsallaka Sahara da shi tare da sukari. Larabawan hamada da Buzaye suka rungume shi, suka tsara yadda ake dafa shi: ƙaramar buta, garwashi, ƙananan kofunan gilashi, da dahuwa uku daga ganye ɗaya. Manoman Hausa sun daɗe suna ɗaukar sa abin shan Buzaye. Fari na 1973 da na 1984 sun kori makiyaya da yawa zuwa garuruwa, wasu suka kama gadi, wasu ƙananan sana'o'i, butar shayi kuma ta zama abin da ake gani kullum a ƙofar shago da bakin titi.

Burodi kuwa mulkin mallaka ya kawo shi. Rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Arewa a 1899, inda ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. Bayan Faransa da Ingila sun daidaita iyaka, Faransawa suka kafa bariki a Dogon Dutsi a 1906, garin ya fara ɗaukaka a kan Matankari, tsohuwar mazaunin Sarkin Arewa. A irin waɗannan barikoki, a duk faɗin yankin da Faransa ta mallaka, kuku ne ke gasa wa Bature burodi da fulawar da aka yi oda. Daga ɗakin girkin bariki sana'ar ta fita gari ta hannun kukuwa da tsofaffin sojoji, masu sayenta na farko kuma su ne ma'aikatan ofis da malaman makaranta da direbobi, wato masu albashi da ke fita aiki da agogo.

A ɓangaren Ingila ma haka abin ya faro, amma da wani salo. A Legas, wani mutumin Jamaika mai suna Amos Shackleford ya yi fice da gidan burodi a farkon ƙarni na 20, har ake kiransa sarkin burodi. An kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, injinsa na Apapa ya fara niƙa a 1962, fulawa ta wadatu har Arewacin Nijeriya. Wannan ne ya sa garuruwan bakin iyaka suka san burodi iri biyu. Akwai dogon burodin Faransawa, mai ɓawo mai ƙarfi, wanda fulawa da ruwa da gishiri da yis kaɗai ke cikinsa, kuma ba ya kwana. Akwai kuma burodin gwangwani irin na Nijeriya, mai taushi da zaƙi, wanda ake sa wa sukari da mai, ya yi kwana biyu ko uku a leda bai bushe ba. Na biyun ya fi dacewa da kasuwannin ƙauye, inda kaya kan daɗe a hanya.

Gahawa ce ta ƙarshen zuwa teburin talaka, duk da cewa asalinta Habasha ne, kuma sufayen Yaman sun sha ta tun ƙarni na 15 don raya dare. Ba ta hanyar Larabawa ta yaɗu a Nijar ba, a gwangwani ta zo. Kamfanin Nestlé ya fito da Nescafé a 1938, ya buɗe masana'antarsa a Abijan a 1962, daga nan garin kofi mai narkewa a ruwan zafi ya cika kasuwannin ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa. Shi ya sa idan aka ce kafe a Dogon Dutsi, ba tukunyar gahawa ake nufi ba. Ana nufin rabin cokali na garin kofi, da madara mai kauri, da ruwan zafi.

Aikin gidan burodi na dare ne. Ana kwaɓa fulawa da hannu a babban kwami, ko da inji inda akwai wuta, a rufe ƙullun da zane har ya tashi. Sai a yanka, a auna a sikeli, a mulmula, a jera a bar shi ya sake kumbura. Tanderun gargajiya ginin bulo ne mai rufin ƙubba. Ana hura itace a cikinsa har bango ya ɗauki zafi, a janye garwashin, a share toka, sannan a zura burodin da doguwar cebur ta katako. Gwanin tanderu yakan gane zafin da tafin hannunsa ko da ɗan garin da ya watsa ciki ya ga yadda zai sauya launi. Kafin kiran sallar asuba yaran gidan sun loda kwali a keke da babur, sun nufi tasha da kasuwa da masu tebur. Yawancin cinikin bashi ne na yini ɗaya: mai shayi ya karɓa da safe, ya biya da dare. Daga nan burodin ke bin motocin kasuwa zuwa Matankari da Dankasari da Tibiri da Gecheme.

Teburin mai shayi shi ne gidan gahawar wannan ƙasa. Tebur ne dogo da benci biyu ko uku, a ƙarƙashin rumfa ko bishiyar dogon yaro. A kai an jera gwangwanayen madara da kofi da koko, da kwalin Lipton, da kiret ɗin ƙwai, da kwalbar mayonez, da burodi a tsaye cikin kwali. A gefe babbar tukunya ko buta na kan garwashi, wani lokaci da citta da kanumfari a ciki. Mai shayi yakan zuba haɗin a kofi, ya riƙa juya shi daga wannan kofi zuwa wancan, yana ɗaga hannu sama har ya yi kumfa ya huce. Yana tsaga burodi a tsaye, ya shafa mayonez ko ya cusa soyayyen ƙwai da albasa. Wanda aljihunsa bai kai ba ya ce a ba shi ruwan bunu, wato shayi ba madara. Lissafi da dala ake yi, sefa biyar dala ɗaya, saboda haka mai riƙe da sefa ɗari dala ashirin ke gare shi. Teburin na maza ne. Mata sukan aiko yaro da kofi, su kuma ke riƙe da cinikin ƙosai da fanke da koko a gefe guda na titin.

Abubuwa biyu suka raya wannan sana'a a Dogon Dutsi, hanya da makaranta. Motocin da ke tsakanin Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram duk ta garin suke bi, matafiyi kuma yana son abin da zai ci cikin minti goma. Ta ɓangaren boko, 'yan mishan na Katolika sun zauna garin tun 1947 suka buɗe makaranta, kuma an san Arewa a Nijar da yawan 'yan boko. Yaran ƙauyuka da suka ci jarrabawa sukan zo gari karatun koleji da lise, su sauka gidan dangi ko mai masauki. Ɗalibin da zai shiga aji ƙarfe takwas ba ya jiran a ɗora tukunya, gutsuren burodi da kofin shayi sun ishe shi. Lokacin jarrabawar birbe da bak, wato ta kammala koleji da lise, kofi da koren shayi ke hana ido rufuwa. Buɗe jami'ar Dosso a 2014 ya ƙara yawan ɗaliban jihar da ke rayuwa a kan irin wannan karin kumallo.

Daga farkon shekarun 1990, lokacin taron ƙasa na 1991 da buɗe fagen siyasar jam'iyyu, koren shayi ya sami sabon gida, wato fada, majalisar hirar matasa. Matasa, da yawansu masu takardar makaranta amma babu aiki, suka riƙa kafa majalisa a ƙofar gida, su ba ta suna, su yi karo-karo su sayi ganye da sukari da gawayi. Dahuwar farko ɗaci gare ta, ta biyu ta sassauta, ta uku kusan zaƙi ne zalla, kuma kammala ukun kan ci fiye da awa ɗaya ana hira. Masaniyar al'adu Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta wallafa littafi a kan fada a 2019. Bambancin wuraren biyu a fili yake: a tebur ana biya a sha a tashi, a fada kuwa zaman ne abin nema.

Da yake kayan duk na waje ne, sana'ar takan girgiza duk lokacin da kuɗi ko iyaka suka motsa. Nijeriya ta hana shigo da alkama daga 1987 zuwa 1992, fulawa ta riƙa shiga can ta bayan fage daga maƙwabta. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin duk abin da ake odarsa ya yi sama. A 2005 gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi, ciki har da fulawa da madara da sukari, jama'a suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, aka janye harajin daga fulawa da madara. Sai rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya toshe hanyar tashar jirgin ruwa ta Kwatano. A irin waɗannan lokuta masu gidan burodi sun fi rage nauyin ƙullu a kan su ƙara kuɗi, mai shayi kuma ya rage cokalin madara.

Nijar tana noman alkama kaɗan a fadamun Ƙonni da lambunan Abzin da yankin Diffa, amma bai kusa isar gidajen burodin ƙasar ba. Har yau, buhun fulawar da ake kwaɓawa da dare a Dogon Dutsi daga alkamar da ta sauka a tashar jirgin ruwa yake fitowa.