Daga Kilo 11 Zuwa Cikin Ambulan: Tarihin Laftof da Rigimar Batir

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Akwai tambayar da kusan duk matashin da ya fara aiki ko ya shiga jami'a sai ya yi ta: wace laftof zan saya, marar nauyi, mai riƙe caji? Kuma ba tambayar wasa ba ce. Mutum ya yi wata da watanni yana tari, wani ma sai an haɗa masa da kuɗin adashin mahaifiyarsa, ya je kasuwa ya ɗauko wadda aka ce masa "Core i7 ce, ba ta da matsala", ya dawo gida a ɗauke wuta, minti arba'in ta mutu. To yau ta baya za mu biyo wa tambayar. In kun ji yadda aka yi shekara arba'in ana fama da nauyi da batir, da kanku za ku gane abin da ya kamata ku duba.

Mu fara daga 1981. A watan Afrilu na shekarar, wani mutum mai suna Adam Osborne ya fito da kwamfuta a Amurka, Osborne 1, ya ce wannan ta tafi-da-gidanka ce. Nauyinta ya kusa kilo 11. Ku kwatanta jarkar ruwa mai lita goma, har da ɗori. Allonta inci 5 ne kacal, wato wayar da ke hannunka yanzu ta fi shi girma. Kuɗinta dala 1,795. Abin dariyar kuma, babu batir a cikinta, duk inda ka kai ta sai ka nemi soket. Amma an saye ta sosai, domin a lokacin a ce za ka iya ɗaukar kwamfutarka ka shiga mota da ita, abin mamaki ne. Kamfanin dai bai daɗe ba, ya karye a 1983.

A 1982 aka yi GRiD Compass, wadda Bill Moggridge ɗan Ingila ya tsara siffarta. Ita ce ta yi fice da wannan fasalin da muka sani yau, allo ya kifu a kan madannai kamar an rufe littafi. Ta haura dala 8,000, shi ya sa sai irin su sojojin Amurka da hukumar NASA ne suka iya saye, har sararin samaniya an je da ita. Ita ma sai an jona ta da wuta.

Yanzu ga wadda nake so ku riƙe a ranku har ƙarshen shirin. A 1983 kamfanin Tandy ya fara sayar da TRS-80 Model 100, wadda Kyocera na Japan ya ƙera. Nauyinta bai kai kilo biyu ba. Batirinta kuwa irin 'yan ƙananan nan ne na rediyo da rimot, guda huɗu, kuma suna kai ta wajen awa 20. Awa 20 fa, a 1983! 'Yan jarida suka rungume ta, suna rubuta labari a filin wasa ko wajen taro, su tura ofis ta layin tarho. Bill Gates da hannunsa ya rubuta wani ɓangare na manhajar cikinta.

To me ya sa take daɗewa haka? Saboda ba ta cin komai. Allonta layi takwas ne na rubutu, babu kala, babu fitila a bayansa, babu faifan da ke juyawa a ciki, babu fanka. Batirin ba wani na musamman ba ne, cikin na'urar ne ƙarami.

Daga nan sai mutane suka ce su fa cikakkiyar kwamfuta suke so, irin ta kan tebur, amma a cinya. Toshiba ta fito da T1100 a 1985, kilo 4 da 'yan kai. Apple ta gwada a 1989 da Macintosh Portable, ta sa mata batir mai dalma irin na mota, sai ga ta ta haura kilo 7, aka yi ta mata dariya. Sai a 1991 ta gyara da PowerBook, inda aka tura madannai gaba aka bar wajen ɗora hannu, tsarin da kowa ya kwaikwaya har gobe. A 1992 IBM ta kawo ThinkPad, baƙar nan mai jan ɗigo a tsakiyar madannai, wadda jikokinta suka cika kasuwanninmu yanzu.

Duk wannan lokacin, a can gefe wasu masana suna ta fama da shi kansa batirin. Stanley Whittingham, yana aiki da kamfanin mai na Exxon a shekarun 1970, ya haɗa batir da sinadarin litiyam. Yana aiki, amma yana iya kamawa da wuta. A 1980 John Goodenough a Jami'ar Oxford ya gano cewa in aka sa sinadarin kobal a ɓangare guda, ƙarfin zai kai wajen bolt 4. A 1985 Akira Yoshino a Japan ya cire tsagwaron ƙarfen litiyam ɗin mai haɗari, ya maye gurbinsa da wani nau'in gawayi da ake samu daga man fetur. A 1991 Sony ta fara sayar da shi a kasuwa. Su ukun nan aka ba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019, Goodenough yana da shekara 97. Batirin wayarka da na laftof ɗinka duk zuriyar wannan ne. Shi kuwa kobal ɗin, mafi yawansa daga ƙasar Kwango ake haƙo shi, nan Afirka.

Za ku zaci daga nan an huta ko? Ina! Batir ya inganta, amma sai kamfanoni suka shiga tseren gudu. Kowa so yake a ce firosesansa ya fi sauri. A farkon shekarun 2000 har Pentium 4 na kwamfutar tebur ake cusawa a laftof. Ta yi zafi kamar dutsen guga, fanka na kuka, caji awa biyu in an yi sa'a. Duk abin da masana batir suka tara, firosesa ya cinye. Sai a 2003 Intel ta sauya tunani da Centrino, wanda aka tsara firosesansa a Haifa, aka fifita tsimin wuta a kan yawan lamba. Kuma cusa wuta da yawa a ƙaramin batir yana da nasa haɗarin: a 2006 Dell ta janye batura sama da miliyan 4 ƙirar Sony saboda wasu suna kamawa da wuta.

A nan ne labarin ya biyo ta gida. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya fito da shirin ba kowane yaro laftof, wadda ya ce za ta tsaya a dala 100. An nuna samfurinta a Tunis tare da Kofi Annan, har da hannun da ake murzawa don caji, kuma hannun ya karye a wajen nunin. A 2007 an gwada 'yar koriyar kwamfutar a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Farashin bai taɓa sauka dala 100 ba, ya tsaya kusa da 200, kuma babban cinikin da aka sa rai Najeriya za ta yi bai tabbata ba. Amma ta farkar da 'yan kasuwa. A ƙarshen 2007 Asus ta fito da Eee PC, allo inci 7, nauyi bai kai kilo ɗaya ba, ga araha. Aka yi ta rububin irinsu na 'yan shekaru, sannan aka watsar, saboda nawarsu ta yi yawa, ka buɗe shafi uku ta tsaya tana tunani. Araha ba ta ado, rashin nauyi kaɗai kuma bai isa ba.

Ranar 15 ga Janairu 2008, a San Francisco, Steve Jobs ya hau dandamali da ambulan irin ta ofis, ya kwance zaren, ya zaro MacBook Air. Kilo 1.36. Don a kai ga haka an cire wajen sa faifan DVD, an bar kafar USB ɗaya tal. Ta farkon ba ta da sauri, ga zafi, ga tsada, dala 1,799. Amma ta nuna hanya. A 2011 Intel ta ware dala miliyan 300 don masu Windows su yi irinta, aka kira su Ultrabook. Zuwa 2013 MacBook Air mai inci 13 ta kai awa 12 a lissafin kamfanin.

Mataki na ƙarshe kuma tushensa tsoho ne. Tun 1985, a kamfanin Acorn da ke Kambirij a Ingila, Sophie Wilson da Steve Furber suka tsara firosesan ARM. Da aka zo auna wutar da yake ci, sai aka tarar ashe layin wutarsa ma ba a haɗe yake ba, 'yar wutar da ke tsiyayowa daga sauran layuka ce ke tafiyar da shi. Wannan tsimin ya sa ARM ya mamaye wayoyin hannu. A Nuwamba 2020 Apple ta sa irinsa, M1, a MacBook Air: babu fanka, batir wajen 50Wh, kamfanin ya ce har awa 18. A 2024 masu Windows suka biyo baya da Snapdragon X. Kun ga kenan shekara 37 bayan Model 100, ga wata da ta kusa awa 20 ɗinta, kuma ta hanyarta aka bi, wato rage ci.

To yanzu ka shiga kasuwa, ko Farm Centre ne a Kano ko Computer Village a Ikeja, me za ka duba?

Ka fara da lissafin tanki. Lambar Wh da ke jikin batir ita ce girman tankin. Batir mai 50Wh, in kwamfutar na cin wat 5, awa goma kenan. In tana cin wat 25, awa biyu. Kuma tankin yana da iyaka, da wuya ka ga wanda ya wuce 100Wh, domin nan ne dokar shiga jirgin sama ta tsaya. Saboda haka firosesa ne zancen. A na Intel, wanda lambarsa ta ƙare da U mai tsimi ne, mai H kuwa na masu gem ne da haɗa bidiyo. In aikinka rubutu ne, da Excel, da intanet, da Zoom, U ya ishe ka.

Kada sunan i7 ya ruɗe ka, ka tambayi zubi na nawa ne. i5-8250U, ɗan zubi na takwas, ƙwaƙwalwa huɗu gare shi, i7-7500U kuwa biyu. Ga shi Windows 11 daga zubi na takwas take farawa, Microsoft kuma ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Ka tabbatar SSD ce a ciki, ba tsohon faifai mai juyawa ba. RAM kada ta gaza 8GB, in da hali 16, domin a yawancin siraran nan a like take, ba a ƙarawa. Inci 13 ko 14, kilo 1.2 zuwa 1.5, shi ne daidai goyo a jaka, kuma ka ɗaga cajar ma ka ji nauyinta. In tana caji ta USB-C ka more, don babban fawa bank mai ƙarfi zai iya tashinta ranar da babu wuta. In Mac ko Snapdragon ka nufa, ka fara bincika ko manhajar da kake aiki da ita tana hawa.

In ta hannu ce, wanda yawancinmu ita muke saye, kada ka tsaya a "tana yin awa shida" na mai shago. A gabansa ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Za ta nuna maka abin da batirin yake ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. In ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin ɗari, ka sa kuɗin sabon batir a cinikin. In ka ga wajen linzami ya ɗago ko gindinta ya kumbura, ajiye ta ka yi gaba. Awannin da kamfani ke rubutawa ma, da allo a dushe ake aunawa, kai ka rage wani abu a lissafinka. In ka saya kuma, zafi ne babban makashin batir, kada ka bar ta a mota da rana a watan Afrilu, kada ka ɗora ta kan katifa ka toshe mata iska.

Sayen nagari dai mayar da kuɗi gida. Nan za mu dakata a yau. Wanda yake da ƙani ko ƙanwa da ke shirin shiga kasuwa, ya tura masa wannan kafin ya fita. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.